Abin da Ke Hana Ƙaramin Tsiro Tashi

Duk wanda ya taɓa renon iri, a lambu ne ko a bayan ɗaki, ya san wannan damuwar. Iri ya fito lafiya lau, ya buɗe kunne biyu, sai kuma ya tsaya cik. Sati ɗaya ya wuce, na biyu ya bi baya, bai mutu ba, bai kuma ƙaru ba. Na maƙwabci da aka shuka rana guda ya kai taƙi, naka kuwa yana nan manne da ƙasa. Abin da akasarinmu ke yi a nan sananne ne: a ƙara masa ruwa, in bai motsa ba a watsa masa yuriya, in ya ƙi a tafi kasuwa a sayo maganin feshi. Sau da yawa waɗannan ukun ne ke ƙarasa shi.

Dalilin kuskuren shi ne ido na kan ganye, alhali matsalar ƙaramin tsiro galibi a ƙarƙashin ƙasa take. Ganye labari kawai yake kawowa, kuma labarin a dunƙule yake zuwa. Ƙishirwa, yawan ruwa, ƙunar taki da tsutsar saiwa duk kan sa ganye ya yi yaushi ya ɗashe, ta yadda mai kallo daga tsaye ba zai bambance su ba. Saboda haka kafin a zuba komai, a sa wuƙa ko ɗan itace a tono tsiro ɗaya da ƙasarsa, a wanke a ruwa a duba saiwar. Mutane na jin ciwon tumɓuke tsiro ɗaya, amma asarar guda ta fi asarar fangali.

Kafin nan ma, ba kowane jinkiri ne ciwo ba. Kowace ƙwayar iri tana ɗauke da guzurinta, kuma kunnuwan nan biyu na farko ba ganyen gaskiya ba ne, ma'ajin abinci ne da tsiron ke ci kafin ya iya ciyar da kansa. A kwanakin nan aikinsa yana ƙasa, saiwa yake shimfiɗawa, don haka sama ba ta nuna komai. Tumatir kan fito cikin kwana 5 zuwa 10. Tattasai da attaruhu kan kai sati biyu, wani lokaci uku, kuma bayan sun fito ma tafiyarsu a hankali take. Albasa takan shafe makonni siririya kamar ba za ta yi rai ba. Rama, wadda ke iya haura mita 3 cikin damina ɗaya, ita ma watanta na farko ba ta da kuzarin a zo a gani, sai daga baya take zabura. Ma'aunin da ya fi tsawo amfani shi ne yawan ganye da kaurin kara. Tumatir mai wata ɗaya da fitowa, in yana da ganyen gaskiya huɗu ko biyar, kararsa kuma ta yi kauri, lafiyarsa ƙalau ko da gajere ne. Wanda ya yi wata yana kan ganye biyu, shi ne abin bincike.

Ruwa ne babban mai laifi, kuma yawansa ya fi ƙarancinsa ɓarna a wurin reno. Saiwa tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai ƙananan kafofi da iska ke zama, kuma da wannan iskar saiwa ke samun ƙarfin jan ruwa da abinci. In ruwa ya cike kafofin ya kwana a ciki, saiwa ta shaƙe, siraran gashin da ke jikinta su mutu. Daga nan tsiron ba ya iya shan ruwan da yake tsaye a cikinsa, sai ya yi yaushi da rana tsaka. Mai lambu ya gani ya ce ƙishirwa ce, ya sake malalo masa wani. Haka za a yi ta yi har gindin ya ruɓe.

Dattawan lambu da suka yi zamani da jigo ba su cika faɗawa wannan ramin ba, don wanda ke jan guga da ƙarfin damtsensa ba ya zuba ruwan da bai zama dole ba. Tun da ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse suka bazu a fadamu, musamman da shirin bunƙasa fadama na shekarun 1990, ruwa ya yi sauƙi, noman rani ya haɓaka ƙwarai, amma an kuma koyi sakin tiyo a kwami har sai ya zama tafki. Babban tumatir zai iya jure wannan na ɗan lokaci. Jaririn tsiro ba ya iyawa.

Gwajin ba wuya. A cusa yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In akwai danshi, a bar shi sai gobe, ko da saman ya bushe. Ƙasar jigawa mai rairayi tana son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, domin ba ta riƙewa. Laka kuwa takan riƙe ruwa kwanaki, kuma ita ce ta fi shaƙe saiwa. Da damina a ɗaga fangalin reno sama da ƙasa kamar taƙi guda don ruwan sama ya zurare, da rani ne ake yin kwami mai zurfi. Masu reno a leda ko gwangwani su tabbata sun huda gindin, don ledar da ba huji tulu ce. Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wato yayyafi sama-sama safe da yamma wanda ba ya ratsa ƙasa. Saiwa tana bin danshi ne, in danshin a sama yake a nan za ta tsaya, rana ɗaya aka makara da ban ruwa sai tsiron ya kwanta.

Inda ruwa ya yi yawa, iri kuma ya cunkushe, nan ne cutar ruɓewar wuya ke samun gida. Ƙwayoyin cuta ne dangin naman gwari da ke zaune a ƙasa. Sukan kama tsiro daidai inda kara ta haɗu da ƙasa, wurin ya sirance ya yi duhu, da safe a tarar da tsirrai kwance a wuri ɗaya kamar an taka su. Waɗanda suka tsira da raunin ba sa mutuwa, amma ba sa tashi, saboda hanyar da abinci ke bi ta ƙuntace. Ban ruwa da safe ya fi na dare a wurin reno, domin saman ƙasa ya samu ya sha iska kafin sanyin dare ya sauko.

Sai yanayin zafi da sanyi, wanda mu a nan muke rainawa don muna ganin ƙasarmu ba ta san sanyi ba. Irin tumatir ya fi son ƙasa mai ɗumin digiri 20 zuwa 30 a ma'aunin Selshiyos, tattasai da attaruhu da kuɓewa sun fi shi son ɗumi. A tsakiyar hunturu, wajen Disamba da Janairu, daren Kano kan sauka zuwa digiri 12 ko 13, a Jos ma ƙasa da haka. A irin wannan sanyin kuɓewa takan daskare a wuri ɗaya, attaruhu ya murtuke, kuma ba takin da zai motsa su sai iska ta juya. Wannan ne ya sa masu tumatirin rani na Kadawa da Kura da Bunkure ke renon irinsu tun ƙarshen damina, don ya kama ƙasa da ɗuminta, sanyin ya riske shi ya riga ya yi ƙarfi, lokacin da zai amfane shi wajen ɗaukar 'ya'ya. Wanda ya makara, abin da zai taimaka masa shi ne darnin kara ta ɓangaren arewa maso gabas inda iskar ke fitowa, da kuma jinkirta ban ruwa har hantsi ya ɗaga.

Bazara kuma nata salon daban. A watannin Afrilu da Mayu saman rairayin da ba abin da ya rufe shi kan haura digiri 50 da rana tsaka, kuma a cikin wannan ɗan saman ne wuyan tsiro da saiwarsa ta farko suke. Manoman gero na Damagaram da Maraɗi da arewacin Katsina sun san yadda shukar ruwan farko ke ƙonewa in aka yi sati biyu ba a sake samun ruwa ba, da yadda iskar da ke gaban hadari ke kwaso yashi ta zane ƙananan ganye ko ta binne su. Masu bincike a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun daɗe suna nazarin wannan, kuma abin da aka tabbatar shi ne barin karan bara a kwance a gona yana sanyaya ƙasa, yana kuma karya ƙarfin yashin. A wurin reno, busasshiyar ciyawa da aka shimfiɗa a kan iri tana yin wannan aikin. Sharaɗin kawai a ɗauke ta da zarar iri ya fara leƙowa. Wanda ya bar ta kwana biyu a kai zai tarar da tsirrai farare, dogaye, marasa ƙwari.

Wannan ya kawo mu ga haske. Tsiron da bai samu rana ba yakan miƙe yana nemanta, ya yi tsawo ya sirance, tazarar da ke tsakanin ganye da ganye ta yi nisa, iska kaɗan ta kayar da shi. Mutane da yawa kan ajiye renonsu a gindin darbejiya ko mangwaro don tausayi, su manta cewa kayan lambu na buƙatar rana ta kusan awa shida a yini. Rumfar zana ko ta kara tana da amfani a kwanakin farko na zafi, amma a riƙa rage ta sannu a hankali. Bishiya ma ba inuwa kaɗai take yi ba, saiwoyinta na bin ruwan da ake ba fangali su shanye, itacen turare ya fi kowa wannan hali. Gawo ne kawai ya fita daban, shi da ke zubar da ganyensa da damina, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa.

Cunkoso ma rashin haske ne ta wata hanya. Hannunmu na da nauyi wajen watsa iri, musamman ƙanana irin na tumatir da albasa da alayyafo. Sai su fito tamkar gashi, kowanne na danne ɗan uwansa, ba wanda ya ƙoshi. Gara a ja layi-layi da tazarar yatsu huɗu ko biyar, a cuɗa irin da rairayi kafin a zuba, in sun fito kuma a rage ba tare da tausayi ba. Manomin gero ya san amfanin cira, mai lambu ne ke ganin kowane tsiro kuɗi ne. Ciyawa kuwa ba sai an tsaya dogon bayani ba. Harƙiya da aya-aya sun fi kowane kayan lambu saurin kafa saiwa, kuma ɓarnar da suke yi a sati huɗun farko ba ta gyaruwa da noman da aka yi a makare.

Ita kanta ƙasar, wani lokaci jikinta ne ya hana. In aka binne ƙaramin iri da zurfi, guzurinsa zai ƙare a hanya, ya iso sama a gajiye. Ƙa'idar da aka saba ita ce zurfin kada ya wuce kaurin ƙwayar sau biyu ko uku, wato tumatir da tattasai kamar santimita ɗaya ya ishe su. Ƙasarmu ta arewa, saboda ƙarancin ruɓaɓɓen ganye a cikinta, takan yi ɓawo mai tauri bayan ruwa mai ƙarfi ya daka ta rana kuma ta buga. Ɓawon nan na hana tsiro ɓullowa, yana hana iska da ruwa shiga. Akwai kuma dandaɓar da ke ƙasa, inda dabbobi ko tarakta suka daɗe suna takawa, ko filin da aka yi gini kusa da shi. Alamar wannan a saiwa take: maimakon ta nutsa tsaye, sai a ga ta lanƙwashe ta bi gefe.

Yanzu sai maganar taki, inda aka fi yin aika-aika. Gaskiya ne ƙasarmu mayunwaciya ce. Yawancin gonakin yankin nan ba su da wadataccen sinadarin naitirojin, ba su kuma da fosfaras, kuma fosfaras ɗin ne ƙaramin tsiro ya fi buƙata don gina saiwa. Rashinsa na da alama mai sauƙin ganewa a tumatir da masara: tsiron ya tsuke, ya yi kore mai duhu, bayan ganyen da jijiyoyinsa su koma shunayya. Sai dai a lura, sanyi ma kan jawo wannan launin ko da sinadarin na nan a ƙasa, don saiwa ba ta iya jansa in ƙasa ta yi sanyi. Rashin naitirojin kuwa daga tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa, su yi rawaya gaba ɗaya, sannan ya hau sama. In kuma sababbin ganyen sama ne suka yi fari-fari jijiyoyinsu na nan kore, to ba yuriya ake nema ba. Wannan alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce, wadda ke bayyana a ƙasa mai kanwa, ko wadda aka cika wa toka, ko wadda ruwa ya kwanta a kai. Toka taki ce mai kyau in an barbaɗa kaɗan, amma tulin toka a fangalin reno yana ɗaure abinci ya hana saiwa samu.

Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin ɗari, wato ita ce mafi ƙarfi a takin da ke kasuwanninmu. Ba abincin jarirai ba ce. Zuba wa tsiro mai sati biyu yuriya a gindi daidai yake da ɗura wa jaririn goye tuwon dawa don ana so ya yi saurin girma. Gishirin takin na janye ruwa daga cikin saiwa, bakin ganye ya ƙone, tsiron ya tsaya ko ya mutu, kuma abin haushin shi ne mai shi zai ce takin bai isa ba ne. Abin da ya fi dacewa shi ne a gauraya ɗan supa ko ɗan kamfa da ƙasar tun kafin shuka, sannan in za a ƙara daga baya a sa shi a gefe, nesa da kara da kamar yatsu uku, a rufe. Ƙanƙancin abin da ake buƙata na ba mutane mamaki. A dabarar da aka yaɗa a Nijar da Mali da Burkina Faso, giram 6 na kamfa 15-15-15 ake sa wa kowane ramin gero, wato cikin murfin kwalbar lemo guda, kuma bambancin na fitowa fili tun shukar tana ƙarama. In ramin gero guda murfi ɗaya ya ishe shi, a yi tunanin abin da cikin tafin hannu zai yi wa tsiron attaruhu.

Takin gargajiya ma ba a cewa tunda na gida ne ba ya cutarwa. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi ƙwarai, yana ƙona saiwa kamar yadda yuriya ke yi. Kashin shanu da na awaki da bai ruɓe ba yana zuwa da irin ciyawa, yana kiran gara, kuma a cikinsa gwazarma ke zama. Garin katako da ɓuntun shinkafa da ba su ruɓe ba nasu laifin daban ne: ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da su na kwashe naitirojin ɗin ƙasar su yi aikinsu da shi, sai tsiro ya yi rawaya a cikin ƙasar da ake ganin an cika ta da taki. Takin da ya nuna shi ne wanda ya yi baƙi, ya yi laushi, ya huce, ba ya wari, ba a kuma gane mene ne a cikinsa. Irin wannan ne kaɗai ya cancanci shiga wurin reno. Ƙasar juji da masu lambun cikin gari ke ɗebowa tana da ƙarfi, amma a tankaɗe ta, a kuma guji wadda aka ƙona roba da batura a kanta.

Ruwan da ake ba shuka ma yana iya zama gishirin. In aka ga farin busa-busa a bakin kwami bayan ya bushe, ƙasar ko ruwan na da gishiri ko kanwa, kuma ƙaramin tsiro ya fi babba jin wannan. Ruwan wanki da na kwata mai sabulu, wanda matan gida kan juye a gindin shukarsu don kada ya tafi a banza, haka yake tara gishiri a hankali.

Akwai kuma maƙiyan da ba a gani. Mafi sharri a lambu su ne wasu ƙananan tsutsotsi da ido ba ya iya hangowa, masu shiga cikin saiwa su sa ta kumbura ƙulu-ƙulu. Sun fi son ƙasa mai rairayi da ɗumi, kuma tumatir, gauta, kuɓewa da rama duk abincinsu ne. Shukar da suka kama takan tsuke, ta yi rawaya, ta yi yaushi da rana ta farfaɗo da yamma, kuma duk takin duniya ba zai tashe ta ba. Kada a rikita ƙullutunsu da na wake da gyaɗa, waɗanda alheri ne. Na wake a gefen saiwa yake manne, ana iya ɓalle shi da farce, na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura. A nan ne sanin dangin shuka ke da amfani.  Rama 'yar uwar kuɓewa da yakuwa da auduga ce, saboda haka wanda ya cire kuɓewa ya maye gurbin da rama bai sauya wa tsutsar nan abinci ba. Sauyin gaskiya shi ne a bi da dawa ko gero, a kuma daina yin reno a wuri guda shekara da shekaru. Tsohuwar dabarar tara kara a ƙona a kan fangali kafin a zuba iri tana rage su, haka ma jiƙa ƙasa a rufe ta da farar leda mai haske na sati huɗu zuwa shida a tsakiyar bazara, rana ta dafa ta.

A gonar hatsi, wuta-wuta ce ke wannan aikin. Tun kafin ta ɓullo ta nuna furenta, ta riga ta manne a saiwar dawa ko masara ko wake tana tsotsa. Manomi zai ga shuka ta tsuke tana naɗe ganye kamar mai ƙishirwa alhali ƙasa da danshi, sai bayan makonni ɓarauniyar ta fito, lokacin ta gama rabin ɓarnarta.

Daga sama kuma, ƙwarin da suka fi tsayar da tsiro ba masu cin ganye ba ne irin fara da gyare, waɗanda ɓarnarsu a bayyane take. Masu tsotsa ne, darɓa da farin ƙuda, da ke ɓuya a bayan ganye. Tsotsar kaɗai na raunana tsiro, amma babban haɗarin shi ne cututtukan da suke ɗaukowa daga wata shuka zuwa wata. Farin ƙuda ne ke yaɗa cutar da ke sa ganyen tumatir ya ƙanƙance, ya naɗe sama, ya yi rawaya, shukar ta zama dunƙule. Darɓa ce ta yaɗa kuturtar gyaɗa a annobar 1975, wadda ta lalata kimanin hekta dubu 700 a arewacin Nijeriya, ta kuma taimaka wajen karya noman gyaɗar da ya gina dalar gyaɗa a Kano. Irin wannan cuta ba ta da magani in ta shiga. Tsiron da ya kamu a tumɓuke shi a binne, sauran kuma a kare su, kuma tsohon gidan sauro da aka lulluɓa a kan wurin reno ya fi feshi da yawa aiki. Wata ɓarnar kuma daga hannunmu take fitowa: a yi feshin maganin ciyawa da famfo, a ɗauraye shi sama-sama, gobe a zuba maganin ƙwari a fesa wa tumatir. Ragowar maganin ciyawa mai kashe faffaɗan ganye, komai ƙanƙantarsa, yana murɗe sababbin ganye ya tsayar da girma. Haka wanda ake fesa wa masara kan yi saura a ƙasa ya dami kayan lambun da aka bi da su.

Dashe ma wani tsalle ne da tsiro da yawa ba sa sauka lafiya. Duk yadda aka yi a hankali, cirewa na tsinke siraran saiwoyi, don haka tsayawar kwana biyar zuwa sati bayan dashe ba abin tsoro ba ne. Abin da ke mayar da shi ciwo shi ne a ciro iri daga busasshiyar ƙasa da fizga, a ɗaure dami a yini da shi a kasuwa, sannan a dasa da rana tsaka. A jiƙa fangali sosai kafin cira, a ɗauko da ɗan ƙasa, a dasa da la'asar sakaliya, a ba da ruwa nan take. Sati guda kafin nan a rage ban ruwa a janye rumfa, don irin ya saba da wahala tun yana gida. Kwanakin irin kafin dashe ma na da muhimmanci: tumatir sati uku zuwa huɗu, tattasai da attaruhu biyar zuwa shida, albasa shida zuwa takwas. Irin da ya tsufa a fangali, ko wanda saiwarsa ta naɗe tana zagaya gindin leda, yakan fara fure yana ɗan ƙarami ya tsaya a nan. Kuɓewa, rama da kankana kuwa ba sa son dashe sam, don doguwar saiwarsu ta tsakiya in ta karye ba ta komawa daidai. A shuka su inda za su zauna.

Akwai wani dalilin da ba kowa ya san shi ba, ko da yake manoma na aiki da shi tun kaka da kakanni, wato tsawon yini. Wasu tsirrai na auna tsawon dare, da zarar yini ya fara gajarta sai su daina girma su koma fure. Rama, yakuwa da dawar gargajiya irin kaura da farafara duk haka suke. A Kano bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba, daga kusan awa 12 da minti 50 a watan Yuni zuwa kusan awa 11 da minti 25 a Disamba, amma tsiro na jin sa. Shi ya sa ramar da aka shuka a farkon damina ke wuce tsawon mutum, wadda aka shuka a Satumba kuwa ta yi fure tana iya gwiwa. Ba cuta ba ce, ba yunwa ba ce, lokacinta ne ya wuce.

Wani sa'in kuma laifin na irin ne tun asali. Tsohon iri, ko wanda ya sha zafi da danshi a ajiya, ko da ya fito ba ya da kuzari. Irin albasa ya fi kowanne saurin mutuwa, da wuya ya wuce shekara da ƙarfinsa. Wanda kuma ya matse 'ya'yan tumatirin aure da ya saya a kasuwa ya shanya, abin da zai fito masa gauraye ne, wani dogo wani gajere. Kafin a ba fangali iri, a ƙirga ƙwaya 20 a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a wuri mai ɗumi. In bayan kwana goma, ko sati biyu zuwa uku ga tattasai da attaruhu, waɗanda suka tsaga ba su kai 15 ba, ko suka fito a rarrabe ɗaya yau ɗaya jibi, a nemi wani.

To in an tono tsiron an wanke, ga abin da za a karanta. Saiwa fara mai rassa da yawa tana nufin ƙasa lafiya, a nemi dalilin a sanyi, haske ko ƙwari. Mai launin ƙasa-ƙasa, mai laushi da wari, wadda fatarta ke saluɓewa, ruwa ne ya yi yawa. Gajeriya mai ƙonannen baki, taki ne ko gishiri. Mai ƙullutu, tsutsa ce. Wadda aka gutsure, gwazarma ce ko gara. In an gane dalilin a gyara abu ɗaya kawai, a jira sati guda, a kuma duba sabon ganyen da zai fito, don tsohon da ya lalace ba ya komawa kore. Wanda abin ya shige masa duhu ya ɗauki tsiron da saiwarsa da ƙasarsa a leda ya kai wa malamin gona, maimakon ya tsinki ganye ɗaya ya nuna wa mai sayar da magani, wanda dole abin da ke kan teburinsa zai ba shi.

Kayan lambu kuma gajeren rai gare su. Tumatir ko kuɓewar da ta yi sati uku a tsaye saboda ruɓewar wuya, tsutsar saiwa ko cutar farin ƙuda ba za ta taɓa kamo 'yan uwanta ba, ko ta rayu amfaninta kaɗan ne. In lokaci bai ƙure ba, a share wurin, a koma wani fangalin da sabuwar ƙasa a sake zuba iri.